Mai Fito a Kangon Bayan Gidanmu

Abubuwa da yawa sun same ni a rayuwa na manta da su, amma watanni biyun da aka yi ana jin fito a kangon bayan gidanmu a Tasawa ba za su taɓa fita daga raina ba. Shekaru sun wuce, autar da ke jardan a lokacin, wato makarantar ƙananan yara, yanzu ta fi ni tsawo. Duk da haka in rana ta take, unguwa ta yi tsit, sai in ji tsigar jikina ta tashi. Wani lokaci kuma dariya ce ke kama ni ni kaɗai, har yara su leƙo su ga ko lafiya.

Unguwarmu sabuwa ce a lokacin, can bayan gari inda aka yanka gonakin hatsi aka mai da su filaye. Gida ɗaya an gama, uku ba a gama ba. Yawancinmu matan ma'aikata ne da na ƴan kasuwa. Ƙarfe takwas na yi, maza sun tafi biro ko kasuwa, yara sun tafi lakwal, ba abin da za ka ji sai leda tana kaɗawa a jikin ƙaya.

Ina da yara shida a lokacin, kuma ba ni da suna. Ba wasa nake ba. Matan unguwa Maman biyu suke ce mani, saboda tagwayena. Mahauci Madam yake cewa. Maigida kuwa in ya ce "ke" an gama. Wata rana wayata ta ɓace cikin kayan wanki, na ɗauki tashi don in kira ta, sai na ga a kan lambata ya rubuta "Gida". Mai gyara mashi moto ma da sunanshi ya ajiye shi. Ban ji haushi ba, don na duba na ga mutumin bai yi ƙarya ba. Maganar da nake yi a yini ba ta wuce ina ɗayan takalminka, wa ya bar famfo a buɗe, sauko daga nan, zan gaya ma babanku. Har na taɓa kai ma wani baƙon maigida abinci, dattijo mai furfura, bakina ya suɓuce na ce mashi ya wanke hannu tukuna. Ya kuwa tashi ya wanke.

Shekarar da abin ya faru ita ce shekarar da aka sa auta jardan. Shekara goma sha shida rabona da in zauna cikin gida ba goyo a bayana, ba mai jan zanena. Ranar farko na dawo daga raka ta, na tsaya tsakar gida ina jiran wani ya kira ni. Ba wanda ya kira. Shirun ya yi mani yawa, ban san abin da ake yi da shi ba, sai na kama wanki. Daga nan kullum in na ɗora tukunya sai in kwashi kaya in koma bayan kicin, gindin dogon yaro, in yi ta wanki har rana ta take. In kaya sun ƙare in sauke labule. Akwai labulen da na wanke sau uku a wata guda.

Katangar wurin wankin nan ita ce ta raba mu da kangon. Bene ne na wani ɗan kasuwa da ke zaune a ƙasar waje, an kai shi sama aka tsaya, ba rufi, ba ƙyamare, tagoginshi a buɗe baƙi ƙirin. A ɗakin ƙasa wasu makiyaya ke zaune suna gadi. Daga arewa suka zo bayan fari ya kashe masu dabbobi. Mutum ne da matarshi da yara uku, da tsohuwar da ta haife shi, da ƴan awaki huɗu da suka rage masu. Tsakaninmu da su sannu ce kawai, sai in salla ta zo a aika masu nama.

Ta ɗaya gefen kangon kuma gidan Hajiya ne. Ita ta fara tarewa a unguwar, don haka ita ce shugabarmu ba tare da an zaɓe ta ba, kuma ita ta buɗe mana gurup na mata a waya. A nan ta fara sako bokal, wato saƙon murya, wata Talata.

"Salamu alaikum matan kartiye. Ni dai akwai abin da nake ji, ban sani ba ko ni ɗaya ce. Kullum wajen sha ɗaya ana fito cikin kangon ga. Yau na taka turmi na leƙa, ba kowa."

Kafin azahar mata huɗu sun amsa cewa su ma suna ji. Aka fara bin diddigi. Mai gadin tun safe yake tafiya tasha dako. Matarshi tana bin gidaje daka da surfe. Yaran suna wajen itace ko makaranta. Wadda ke cikin kangon a wannan lokaci tsohuwar ce kaɗai, ita kuwa ba haƙori ko ɗaya a bakinta. To, wa ke fito? Mu duka da tarbiyya ɗaya muka tashi: ba a fito da rana tsaka, don lokacin yawon mutanen ɓoye ne, kuma fito kiransu ne. In kuwa ana fito ba a ga mai yi ba, ba sai an gaya ma kowa ko su wane ne ba.

Ni kaɗai ce ban taɓa ji ba, alhali ni ce mafi kusa. Hajiya ta ce, "Ke Maman biyu, ai yaranki sun riga sun kashe maki kunne. Ko ganga aka buga cikin kangon ba ki ji." Aka yi dariya, ni ma na yi.

Amma ni na ga abin da ya fi ji. Wata rana na gama wanki, na buɗe ƙaramar ƙofar baya zan zubar da ruwa, sai na tarar da awaki. Ba huɗun tsohuwa kaɗai ba, har da na wasu gidaje, sun kai ashirin. Suna tsaye cikin rana a gindin katangata, ba mai kiwo, ba mai kuka, ba mai tunkuyi. Duk sun ɗaga kai sama. Da na fito suka juyo gaba ɗaya suka zuba mani ido. Ni ɗiyar ƙauye ce, cikin awaki na tashi, na san akuya ba ta tsayawa wuri ɗaya cikin rana haka kawai. Na ja da baya a hankali da bahon a hannuna, na rufe ƙofa, na karanta duk abin da ya zo bakina. Washegari na leƙa ta ramin makulli, suna nan. Jibi ma haka.

Unguwa ta rikice a hankali. Kowane gida hayaƙin tazargade ke tashi. Aka kira malami ya zagaya kangon da addu'a, aka yayyafa tofi, fito bai fasa ba. Tagwayena suka samu abin da suke so: in na aike su shago sai su ce suna tsoron wucewa ta gaban kango, amma da la'asar a gaban kangon suke buga ƙwallo. Maigida cewa ya yi iska ce ke bi ta tagogi, kuma in mata sun rasa aikin yi ko ƙarar firiji sai su ce aljani ne. Sai yaron wata maƙwabciya ya kwanta da zazzaɓi yana surutai. Lokacin sauro ne, rabin yaran garin ma a kwance suke, amma ba wanda ya tuna da haka. Magana ta fara karkata kan tsohuwa. Wai da abinta ta zo daga daji. Wai an gan ta tana magana ita kaɗai. Wai in ta kalli yaro ba ta ƙiftawa. Mata suka daina ba surukarta aikin daka.

Ana haka Hajiya ta ɗora wayarta kan katanga ta ɗauko sautin, ta sako mana. Ina kicin ina yanka kuɓewa na danna. Da farko iska ce kawai, da kukan kurciya daga nesa. Sai fiton ya taso, siriri, yana yawo kamar daga cikin rijiya. Gajeru uku suna hawa, sai dogo ɗaya yana sauka. Aka yi shiru kamar na jan numfashi. Sai wani ya amsa can ƙasa-ƙasa, gajeru biyu da dogo ɗaya mai hawa sama.

Wuƙar ta faɗi daga hannuna. Na zauna a ƙasa cikin ɓawon albasa.

Na san wannan fiton. A duniya mutum biyu ne suka iya shi, ɗaya kuma yana cikin kabari shekara ashirin da biyar.

A wani ƙauye kusa da Gidan Amumune aka haife ni. Ina da wa namiji da ya girme ni da shekara biyu, tare muke kiwon awakin gidanmu. Shi ya koya mani fito a ɓoye, don mace ba ta yi. Da damina in hatsi ya fi mu tsawo ba ma ganin juna, sai ɗaya ya yi gajeru uku da dogo, ɗayan ya amsa da gajeru biyu da dogo. Awakinmu ma sun san shi, in sun ji sai su taho. A lokacin ba itacen da ban hawa, ba yaron da ke tsere mani a gudu, akuya tana haihuwa in ɗan ya gicce ni ake kira saboda hannuna ƙarami ne kuma ba na tsoro. Da na ci jarrabawa aka kai ni Mayahi karatu wajen gwaggona. Ranar farko ta ji ina fito a bakin randa, ta buge mani baki da murfin kwano. A shekarata ta biyu can sanƙarau ya ɗauke yayana cikin kwana uku. Ba a gaya mani ba sai da aka rufe shi. Tun daga ranar ban sake haɗa leɓɓana don fito ba, kuma ban ba kowa labarin ba, har mijina.

Da maigida ya dawo cin abincin rana na sa mashi sautin, na gaya mashi fiton yayana marigayi ne. Wannan karon bai yi dariya ba. Na ce mashi abin da ke cikin kangon nan ni yake nema. Ya ari muryar mamaci don in amsa, kuma shi ya sa yake tara awaki a ƙofata. Na ce ko mutanen nan su tashi, ko ni in kwashe yarana in bar gidan.

Wannan wurin ne ba na son tunawa. Sauran mata tsoro kawai suke ji suna surutu. Ni ce na tura mijina ya tara maza suka je wajen mai unguwa, aka kira mai kangon a waya. Shi kuwa ba ya son rigima da maƙwabta, ya ce a gaya masu su nemi wani wuri kafin Juma'a ta sama. Da yamma na hango mai gadin zaune kan bulo ya rafka tagumi, matarshi tana ɗaure tabarmi. Na ja labule.

Duk da haka raina bai kwanta ba. Ranar Laraba na bar ma Hajiya auta, na shiga mota zuwa Mayahi, daga can kabu-kabu ya ƙarasa da ni ƙauyenmu. An gama girbi, gonaki sai kara. Na tarar da innata a inuwar rumbu tana ɓarar gyaɗa. Bayan mun gaisa na sha ruwa, na ce, "Inna, akwai abin da nake so ki ji, amma ki yi bisimilla tukuna."

Ta kara wayar a kunne. Fuskarta ba ta sake ba. Ta ce, "Sake sa shi." Na sake. Ta miƙo mani wayar ta ci gaba da ɓarar gyaɗarta.

"Wa ya ɗauke ki cikin abin ga?"

"Ba ni ba ce, Inna. Cikin kangon bayan gidanmu ake yi. Fiton yaya ne."

"Fitonki dai."

"Inna, rabona da fito tun ina ƴar shekara sha huɗu."

Ta ɗago ta dube ni irin kallon da take mani ina yarinya in na ce ban taɓa nono ba alhali ga shi a leɓena. Ta ce, "Ni na haife ku ku biyu. Shekara nawa ina jin ku daga bakin murhu. Nashi tas yake fita. Ke kuwa wushiryar ga taki ba ta riƙe iska, in kin zo dogon sai ya yi sss a ƙarshe. Saurara ki ji."

Na saurara. Yana nan, a ƙarshen dogon, ɗan huci kamar an zuba ruwa a garwashi. Na kai harshe na taɓa wushiryata. Na tuna wurin wankina, da katangar da ke manne da kangon, da ɗakunan da ba rufi da za su iya ɗaukar sauti su watsa shi gidan Hajiya. Na tuna lokacin, wajen sha ɗaya. Na tuna ni kaɗai ce ban taɓa ji ba. Na tuna awaki sun ɗaga kai a gindin katangata suna jira. Kunya da sanyi suka rufe ni lokaci guda, har na rasa wanne ya fi.

Can na ce, "To, na biyun fa? Wanda ya amsa?"

Hannunta ya tsaya a cikin ƙwarya. Ta juya tana kallon wajen gonaki.

"Na biyun ban sani ba," ta ce. "In kin koma gida ki yi mashi sadaka."

Ban kwana ba, na juyo a ranar. Washegari Alhamis da safe, bayan kowa ya watse, na yafa mayafi na zagaya na shiga kangon. Shekara huɗu muna maƙwabtaka, ranar na fara taka shi. Ciki da sanyi, yana warin siminti da hayaƙi. Kayansu duk an ɗaure an jingine. Tsohuwar tana zaune kan buzu tana kaɗa ɗan nono a gora. Na durƙusa na gaishe ta, ta amsa da Hausarta mai nauyi.

Na ce, "Iya, don Allah tambaya na zo yi. Wa ke fiton da ake ji?"

Ta yi dariya har dasashinta ya bayyana. Ta nuna katangata da leɓe. "Mai wanki."

"Kin sani tun farko?"

"Tun ranar farko. In kin fara cuɗa kaya sai ki fara. In kin tsaya ɗauraya sai ki yi shiru."

"To, mi ya hana ki faɗi? Gobe fa aka ce ku tashi."

Ta ci gaba da kaɗa gorarta. Ta ce, "Ɗiyata, ke matar ma'aikaci ce, ni baƙuwa ce cikin gidan mutane. In na ce Madam ce ke fito kamar yaron kiwo, wa zai yarda? In sun yarda kuma na kunyata ki. Mu mun saba tashi." Ta ajiye gorar. "Kuma ina son fiton. In kin yi sai in rufe ido in ga dabbobinmu suna tahowa rijiya. Na ce ma ɗana, matar can ba a cikin bulo aka haife ta ba."

Hawaye suka zubo mani. Wannan matar da na ce a kora ita kaɗai ce a duk unguwar ta san ko ni wace ce. Na goge ido na tambaye ta ko ita ke amsawa. Ta buɗe baki ta nuna mani. "Da wane haƙori?" Na ce to ko tana jin mai amsawar. Ta ce, "Wata rana ana amsawa, wata rana ba a amsawa. Ni ban tambaya ba."

Daga nan gidan Hajiya na wuce, na ce ta tara mani mata yanzu. Cikin rabin awa mata sun kai goma sha biyu a ƙofar gidanta, wasu da ludayi a hannu, kowa na zaton wani sabon abu ya faru. Na ce masu aljanin da ake nema an same shi, kuma ni ce. Suka dubi juna. Wata ta ce a hankali, "Ya shige ta." Hajiya ta matso tana karanta addu'a za ta dafa kaina.

Na ga magana ba za ta yi ba. Na ja baya, na gyara tsayuwa, na jiƙa leɓɓana. Da gangan ya fi wuya. Na farko iska kawai ta fito, na biyu wani sauti kamar na ɗan tsako. Ina jin zufa na bin bayana. Uwar yara shida, tsaye a titi da rana, tana murguɗa baki a gaban matan manya. Na rufe ido na tuna hatsi ya rufe ni, ganye na yankar hannu, ban san inda yayana yake ba. Sai ya fito gaba ɗaya, gajeru uku da dogo, da ƙarfin da ni kaina na razana. Ya shiga kangon ya zagaya ya dawo.

Ba wadda ta motsa. Sai muka ji sawu. Awakin tsohuwa huɗu suka ɓullo daga kwana a guje, na wasu gidaje na biye da su, suka zo suka kewaye ni suka ɗaga kai.

Hajiya ta zauna kan dakali. Ta dube ni, ta dubi awakin. Ta ce, "Maman biyu, tazargade buhu guda na ƙona. Har tari ya kama Alhaji." Wata ta fara dariya tana toshe baki, sai duk aka ɗauka, har da masu riƙe ciki. Na bari suka lafa, sannan na ce dariya ta halatta, amma akwai mutanen da suka ɗaure kayansu saboda ni, kuma ba zan iya zuwa ba su haƙuri ni kaɗai ba, don ba ni kaɗai na yi masu ba. Nan dariyar ta mutu. Hajiya, Allah ya saka mata, ita ta fara tashi. Muka shiga kangon a jere, mu da muka yi wata biyu ba ma bi ta gabanshi. Tsohuwa ta ce ba komai, ta ce a yi mana shimfiɗa, aka kwance tabarmin da aka ɗaure don tafiya muka zauna a kai. Da rana maigida ya koma wajen mai unguwa da kanshi, aka sake kiran mai kangon aka warware.

Da ya dawo ya same ni a kicin, ya tsaya a bakin ƙofa yana kallona kamar baƙuwa.

"Shekara goma sha bakwai muna tare, ban san kin iya wannan ba."

"Ni ma na manta na iya."

"Sai mi kuma kika iya?"

Na ce ya samu wuri ya zauna. Ranar tuwo ya yi ƙauri, ya koma biro a makare. Na ba shi labarin itatuwan da na hau, da ɗan akuyar da na juya a cikin uwarshi, da yadda na so in yi karatun likitan dabbobi kafin aure da haihuwa su biyo juna. Yara suka taru a ƙofa suna ji baki buɗe. Ɗaya daga cikin tagwaye ya ce, "Mama, da ke ma yarinya ce?" Da gaske yake tambaya.

Bayan wata biyu na sayi awaki uku na haɗa da na tsohuwa, muka yi masu garke a bayan kangon. Ita ta koya mani abin da ta sani na makiyaya, ni na tuno nawa. Daga baya da aka zo neman matan da za a koya ma allurar dabbobi na ba da sunana, sunana na yanka, na rubuta shi da hannuna. Yanzu in akuya ta kasa haihuwa a unguwarmu ni ake bugo ma ƙofa. Tsohuwa ta rasu bayan shekara uku, a ɗakin nan na kango, ina cikin waɗanda suka yi mata wanka.

Maganar mai amsawa kuwa har yau ba ta warware ba. Maigida ya ce amsa-kuwwa ce ta ginin. Na ce amsa-kuwwa abin da ka faɗa take maido maka, ba ta ba ka amsa dabam. Ya ce to tsuntsu ne. Mai yiwuwa. Na yi sadakar da inna ta ce. Sau da yawa bayan haka na tsaya gindin dogon yaro wajen sha ɗaya na yi fiton da gangan, na kasa kunne. Ban taɓa jin an amsa ba. Wayar Hajiya ta faɗa ruwa, tawa ta lalace, sauran mata kuwa tuni suka goge shi don tsoro, sautin ya tafi. Allah shi ne masani.

Abin da na koya biyu ne, kuma na biya su da kunya. Na farko, tsoro ba ya wahalar neman mai laifi, wanda ba shi da mai tsaya mashi yake fara nunawa. Saura kwana ɗaya in raba bayin Allah da matsuguninsu kan abin da daga bakina yake fita. Tun daga lokacin in an ce wane ne ya jawo abu, nakan fara bincika kaina. Na biyu kuma na mata ne irina. Hidimar gida da yara ibada ce, ban taɓa nadamar ta ba. Amma kafin a kira ki uwar wane, ke wata ce, tana da abin da take so da abin da ta iya. Ba mutuwa take yi ba, shiru kawai take yi tana jira. Ki riƙa leƙa ta kina gaishe ta tun da sauran lokaci, kada ta gaji ta fito da kanta ki ji muryarta ki kasa gane ta.